Kwaɓi ya ƙi mulmuluwa: me kuka gani da kuka canja mahaɗi?

Ɗalibar haɗa magunguna, Arkilla:
Assalamu alaikum. Ina aikin ƙananan ƙwayoyin maganin nan da ake zubawa cikin kafso. Na rage garin selulos, wato Avicel PH-101, na ƙara laktos (sukarin madara), ruwa kuma na bar shi yadda yake. Kwaɓin ya fito daga injin matse kwaɓi lafiya lau kamar taliya, amma yana hawa farantin mulmulawa sai ya manne, ya koma manyan dunƙule. Don Allah wanda ya taɓa wannan aiki ya gaya min abin da ya gani.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ruwan ne ya yi yawa. Selulos yana shanye ruwa ya riƙe, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan lokacin mulmulawa. Laktos kuwa narkewa yake yi, sai kwaɓi ya ƙara laushi. Duk sanda na ƙara laktos, rage ruwa nake yi, ina damƙa kwaɓin a tafin hannu. In ya dunƙule bai bar danshi a hannu ba, kuma ya karye da yatsa, ya yi.

Wata mai digiri na biyu, Mabera:
Ni akasin haka na gani, lokacin hunturu. Kafin in gama matse kwaɓi iska ta shanye danshinsa, ƙwayoyin suka fito dogaye masu siririn tsakiya, ga gari jingim a gefen faranti. Tun daga nan nake rufe kwano da leda. Iskar Sakkwato ba ta jira.

Tsohon malami, Gawon Nama:
Duk gaskiya ne, amma abin da ya fi damuna daban ne. Na sha ganin ƙwayoyin selulos zalla, kyawawa, girmansu kusan milimita 1, a sa su a ruwa su ƙi wargajewa. In maganin ba mai saurin narkewa ba ne, mara lafiya zai daɗe bai samu abin da ya sha dominsa ba. Kroskarmelos, garin da ke sa ƙwaya ta wargaje a ruwa, na taimakawa, sai dai yana kumbura, dole ki ƙara ruwa. Sitacin rogo ma na gwada, shi kaɗai ba ya riƙe siffa sai da HPMC, sinadarin da ke ɗaure gari.

Ɗalibar haɗa magunguna, Arkilla:
Allah ya saka da alheri, Malam. Gobe zan rage ruwan, in kuma yi gwajin narkewa kafin in cika kafso.