Ƙofar Ƙaura da fentin mai: launukana suna komawa taɓo

Ɗalibin Zane: Assalamu alaikum, manya. Ina koyon zanen gari da fentin mai, salon nan da ake murɗa sura da launi don a fito da abin da ke zuciya. Cunkoson Ƙofar Ƙaura da la'asar nake son kamawa. Amma launukan sai su cakuɗe su koma ruwan taɓo, gine-ginen kuma su fito sambal kamar zanen injiniya. Me zan gyara?

Mai Buroshi: Wa alaikumus salam, ƙanena. Taɓon nan abu biyu ke kawo shi: haɗa launi fiye da uku a wuri ɗaya, da yawan goga buroshi kan fentin da bai bushe ba. Shuɗi da ruwan lemo idan suka haɗu suna kashe juna, su bar maka toka-toka. Ka tsaya kan launi biyar: farin titaniyam, rawaya mai ƙasa-ƙasa, jan ƙasa, ja mai haske, da shuɗi mai duhu. Ka haɗa su kan faranti da wuƙar fenti, ka ɗora sau ɗaya, ka ɗauke hannu. Ka ware buroshi biyu, ɗaya na haske, ɗaya na duhu.

Sai ƙa'idar da ba a tsallakewa: shafin farko siriri, an tsinka shi da tafentin (ruwan tsinka fentin mai), kowane shafi na sama ya fi na ƙasa man linsid (man da ake haɗa fentin da shi). In ka juya tsarin, saman zai bushe na ƙasa yana motsi, zanen ya tsattsage.

Malama Mai Launi: Ɗana, batun miƙewar gini, ajiye rula. Ka shafe kyallen da jan ƙasa tsinkakke, ka fitar da manyan surori biyar ko shida da buroshi mai faɗi cikin minti 20, kana tsaye, kana motsa hannu daga kafaɗa. Dubi zanen titunan birnin Balin na Jamus da mai zane Bajamushe Ernst Ludwig Kirchner ya yi wajen 1913: titi ya karkato kamar zai zubo da mutanen, launuka suna faɗa da juna. Haka za ka yi. Bari ƙofar ta rankwafo kan 'yan acaba, inuwar bango ta zama shunayya, sama ta yi ja in zafin ne ya dame ka. Mutane kuwa ɗigon wuƙa biyu sun isa, ba sai da fuska ba. Wuri ɗaya kawai za ka cika kauri da haske, can ido zai sauka.

Ɗalibin Zane: Na gode, Malama. Kananzir zai iya maye tafentin? Ya fi araha.

Mai Buroshi: Kada ka zuba shi cikin fenti. Ba ya saurin tashi, yana barin maiƙo, shafin ya daɗe yana danƙo. Kuma ka kula da ƙurar hunturu, don in ta manne a ɗanyen fenti ba ta fita. Ka jingina zanen fuskarsa na kallon bango, da ɗan tazara don iska. Siririn shafi kwana uku zuwa bakwai ne kafin ya bushe, mai kauri makonni, banish kuwa, wato shafin ƙarshe mai sheƙi da ke kare zane, sai bayan wata shida. Tsumman da ya sha man linsid kada ka dunƙule shi a lungu, yana iya kama wuta da kansa. Shimfiɗa shi a waje ko ka tsoma shi a ruwa.