Neman kalmar Hausa: me za mu kira "fungus" a bakin gadon majinyaci?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa masu aikin fassara da masu aikin asibiti. Ina so mu tsayar da magana a kan wata kalma da ta daɗe tana ba ni wahala, wato abin da Turawa ke kira "fungus", likitocinmu kuma suke furtawa fangas. Abin da ya tayar da maganar shi ne wata takardar neman amincewa da aka ba ni in mayar Hausa, irin wadda ake karanta wa majinyaci ko mai jinyarsa kafin a ɗebi jininsa domin bincike. Masu binciken na son su gano ko bakteriya ce ke shiga jinin waɗanda suka daɗe a kwance, ko kuwa fangas. Da na rubuta "ƙwayoyin cuta" a wuri na farko, sai na ga ba ni da abin da zan sa a wuri na biyu face in maimaita ta, alhali rarrabe biyun shi ne dalilin binciken gaba ɗaya.

Maganin da ke kashe bakteriya ba ya taɓa fangas. Har ma idan aka daɗe ana ba mutum magungunan bakteriya masu ƙarfi, suna share bakteriyar da ke zaune lafiya a hanji da fata, sai fangas irin su Candida su samu fili su yaɗu, su kuma bi robar ƙarin ruwa da aka soka a jijiya su shiga jini. Na ga wannan da idona lokacin da na yi jinyar kawuna. An fi mako ana yi masa allurai zazzaɓi bai sauka ba, sai likita ya fito ya ce gwajin jini ya nuna "wasu ƙwayoyin cuta", za a sauya magani. Muna zaune a kan tabarma a barandar ɗakin, babban ɗansa ya ce, "Ai tun ranar farko ƙwayoyin cuta suka ce, ashe lalube suke yi." Har aka fara shawarar a mayar da shi gida. Likitan bai yi kuskure a aikinsa ba; kalmar da zai faɗa mana cewa wata halitta ce daban ta shigo, ita ce ba shi da ita.

Na duba kalmomin da ake amfani da su, ban gamsu da ko ɗaya ba. Naman kaza sunan abin da ke tsirowa ne a gindin itace ko a juji da damina, kuma ko da yake ɗan gidan ne, babu wanda zai yarda cewa shi ne a cikin jininsa. "Naman gwari" da nake yawan gani a rubuce-rubucen intanet ya fi muni, domin ban taɓa jin mai jinya ya faɗe shi ba, ga shi kuma yana jingina cuta ga sunan wata al'umma, abin da bai kamata mu shigar cikin littafin likitanci ba. Makero da ƙyasbi sunayen cututtukan fata ne da fangas ke haddasawa, ba sunan mai haddasawar ba ne. Sanyi kuwa ya riga ya zama buhun da ake zuba kowane ciwon mara a ciki.

Shawarata ita ce funfuna, wadda wasu ke cewa fumfuna, mutanen yamma kuma hunhuna. Babu Bahaushen da bai san ta ba. Ya gan ta a jikin burodin da ya kwana uku a leda, fari-fari kamar auduga kafin ya koma kore. Ya gan ta a takalmin fata da aka manta a lungu da damina, da gyaɗar da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba. Ya san tana son laima, ya san tana yaɗuwa daga ɗan ɗigo har ta mamaye abu, ya kuma san idan aka kaɗe ta ƙura ke tashi. Wannan sani daidai yake da abin da masu bincike ke faɗa. Funfunar da ke ɓata gyaɗa da masara, ta kuma bar dafin da ke illata hanta, sunanta Aspergillus flavus, kuma 'yar uwarta Aspergillus fumigatus ita ce ke shiga huhu ta hanyar ƙurar da ake shaƙa, ta yi gida a kogon da tarin fuka ya bari, har a ci gaba da ba mutum maganin tarin fuka alhali ba shi ke damunsa ba. Aspergillus fumigatus tana cikin huɗu mafi haɗari a jerin fangas 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Oktoban 2022. Abin da ya addabi dubban masu fama da korona a Indiya a 2021, musamman masu ciwon sukari, shi ma funfuna ne a ma'anarta ta asali. Kalmar za ta ma taimaka wa malamin makaranta, domin zai iya cewa daga funfuna Alexander Fleming ya gano maganin fenisilin a Landan a 1928, ɗalibi ya gane nan take.

Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji da na nuna wa wannan shawara ta yi min gyara mai nauyi, kuma ina so in amsa ta a fili. Ta ce fangas ɗin da suka fi samu a jinin majinyata Candida ne, shi kuwa dangin yisti ne. A farantin gwaji yana fitowa ɗigo-ɗigo, sumul kamar man shanu, ba ya yin gashi irin na burodi. Ta kawo misalin Candida auris, wanda aka fara bayyana shi a 2009 bayan an same shi a kunnen wata majinyaciya a Japan, wanda sau da yawa maganin fangas mai suna fluconazole ba ya yi masa komai, yake kuma manne wa gado da kayan aiki na tsawon makonni. A wani asibiti a Oksfod ta Ingila, bincike ya gano cewa na'urar auna zafin jiki da ake sa wa majinyata a hammata, ɗaya bayan ɗaya, ita ce ta riƙa yaɗa shi. Tambayarta ita ce, ta yaya za a kira abin da ido ba ya gani a jikin irin wannan na'ura funfuna?

Gaskiya ta faɗa game da kamanni, amma Hausa ta saba faɗaɗa kalma idan sabon abu ya zo. Jirgi na ruwa ne kawai a da, yau ga na ƙasa ga na sama. Ƙwaya ta hatsi ce, ta zama ta magani, ta zama ta cuta. Saboda haka ina ganin funfuna ta zama sunan gidan duka, sannan a raba: funfuna mai zare ga irin su Aspergillus, funfuna dangin yisti ga irin su Candida. Bakteriya kuma a bar ta da sunanta, tunda ya riga ya zauna a bakin mutane, "ƙwayoyin cuta" ta ci gaba da zama inuwar da ta rufe su duka.

Akwai wani haɗari da ni kaina na hango, kuma ya fi damuna a kan na farko. A Hausa idan aka ce abu "ya yi funfuna", ana nufin ya lalace, an yi sakaci da shi, sai zubarwa. Ba za a taɓa faɗa wa mai jinya cewa mahaifinsa ya yi funfuna ba, domin zai ji an zarge shi da ƙazanta, ko kuma ya ɗauka an yanke ƙauna. Dole kalmar ta riƙa tafiya tare da "ƙwaya": ƙwayar funfuna ta shiga jini, cutar ƙwayar funfuna, maganin ƙwayar funfuna. Haka kuma wajibi ne a ƙara jimla ɗaya da ke bayyana cewa ba daga cin abinci mai funfuna ake ɗaukar wadda ke shiga jini ba, don kada a koma gida ana tuhumar wadda ta dafa abincin jinya.

Ga yadda na rubuta a takardar, kuma ban miƙa ta ba tukuna: "Za mu ɗebi jininka kaɗan domin mu duba ko akwai ƙwayar bakteriya ko ƙwayar funfuna a ciki, saboda kowace da irin maganinta." Ina roƙon 'yan uwa na Maraɗi da Damagaram, inda likita ke tunani da Faransanci, kalma ɗaya kuma ta haɗa naman kaza da fangas, su gaya mana abin da ake faɗa wa majinyaci a can. Ma'aikatan jinya kuma, don Allah ku karanta wa masu jinya biyu ko uku wannan jimla ba tare da ƙarin bayani ba, ku tambaye su abin da suka fahimta, ku kawo mana amsarsu kamar yadda suka faɗe ta.