Wane suna za mu sa wa 3D IC da Hausa?

Malam Bashir: Jama'a, IC da'irar lantarki ce da ake ƙerawa a kan guntun silikon. Wajen fassara 3D IC, na ga ana rubuta "da'ira mai fuska uku", kuma ban gamsu ba. Fuska gefe ce. Abin da ake nufi a nan tsawo da faɗi da tudu ne, wato ƙofofin lissafi irin su NAND da NOR ba a shimfiɗe kawai suke ba, an ɗora wasu kan wasu domin waya ta gajarta, sigina ta isa da wuri.

Injiniya Hadiza: Malam, to mu ce "da'ira mai hawa-hawa". Haka masu ƙerawa ke ƙirga ta. V-NAND, ma'adanar bayanai ta kamfanin Samsung, ta fito a 2013 da hawa 24, yanzu irinta sun haura hawa 200.

Malam Bashir: Ya zauna a baki. Amma iri biyu ne, kada mu haɗa su.

Injiniya Hadiza: Gaskiya ne. Na farko, ana ƙera kowane guntun silikon daban, a goge shi ya yi siriri, kusan maikuron 50 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), a huda shi, a cika hujin da jan ƙarfe, sannan a manna. Hujin nan shi ne TSV, kuma haka ake haɗa HBM, ma'adanar bayanai mai sauri. Wannan "ɗorarriya". Matsalarta lissafi ce: in kashi 90 na guntayen ne masu kyau, ka ɗora huɗu ba gwaji, kusan kashi 66 ne za su yi aiki. Shi ya sa ake gwada kowanne kafin a manna. Na biyu ana gina hawa na sama kai tsaye a kan na ƙasa, "ginanniya" ke nan. A nan zafin aikin bai kamata ya wuce digiri 400 na Celsius ba, in ba haka ba wayoyin ƙasa su lalace.

Malam Usman: Saura kalmar regular, in an ce "regular 3D IC" da Turanci. Ba "ta kullum" ba ce. Tubali ɗaya ake maimaitawa a kowane hawa, kamar yadda FPGA (da'irar da ake iya sake tsara aikinta bayan an ƙera ta) take, don hujojin su faɗa kan juna, a kuma iya hasashen inda zafi zai taru, tunda hawan da ke nesa da abin sanyayawa shi ke fara gasuwa.

Malam Bashir: To "maimaitacciyar da'ira mai hawa-hawa". TSV kuwa mu bar ta "hujin jan ƙarfe", sai in wani yana da wadda ta fi.