Dashen haƙorin mahaifiyata ya yi girgiɗi: laifin ƙashi ne ko na yadda aka huda shi?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Watanni biyu da suka wuce aka yi wa mahaifiyata dashen haƙori a wani asibiti mai zaman kansa, a gurbin turminta na sama da aka cire shekara uku baya. Da farko lafiya ƙalau, amma a mako na huɗu ƙarfen ya fara girgiɗi, har likitan ya cire shi, ya ce ƙashinta ne mai taushi. Wani likitan da muka je wurinsa kuwa ya ce taushin ƙashi ba ya hana dashe kamawa idan an huda ramin yadda ya dace. Ba ta shan taba, ba ta kuma da ciwon suga. Ina roƙon masana su fayyace mana, domin kuɗin ba kaɗan ba ne, ita kuma tana tsoron a sake.

Likitan haƙori: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Ba zan ɗora wa kowa laifi ba tunda ban ga hoton ƙashin ba, amma maganar likita na biyu tana da tushe. Sukurun ƙarfen taitaniyom da ake dasawa a cikin ƙashi yana samun riƙo iri biyu. Na farko shi ne matsewar da yake yi a cikin ramin ranar da aka ɗaura shi, tamkar yadda sukuru ke kama katako. Na biyu shi ne wanda ke zuwa a hankali, yayin da sabon ƙashi ya tsiro ya manne da ƙarfen, abin da Farfesa Brånemark na ƙasar Suwidin ya gano, har ya yi wa mutum na farko irin wannan dashe a 1965. Riƙon farko yana raguwa kafin na biyu ya kankama, don haka tsakanin mako na uku da na huɗu ne dashe ya fi rauni, kuma daidai lokacin ne na Hajiya ya motsa.

Bayan muƙamuƙin sama shi ne wurin da ƙashi ya fi taushi a baki, cikinsa kamar soso. Duk kafinta ya san idan katako mai taushi ne, ramin da zai huda dole ya fi sukurun ƙanƙanta, in ba haka ba sukurun ya yi ta juyawa bai kama komai ba. Haka muke yi: muna farawa da siririn bakin injin huda, kimanin milimita 2, muna ƙara faɗi mataki-mataki, amma a ƙashi mai taushi sai mu tsallake baki na ƙarshe. Akwai kuma wasu bakuna, irin waɗanda ake kira Densah, da ake juya su ta baya, su dinga danne ƙashin zuwa bangon ramin maimakon su kwashe shi.

Ma'aikaciyar jinya a sashen haƙori: Likita ya yi bayani, amma ina so in ƙara batun zafi, domin mu da ke riƙe bututun ruwa mun san muhimmancinsa. Tun 1983 masu bincike biyu, Eriksson da Albrektsson, suka nuna cewa idan zafin ƙashi ya kai digiri 47 na tsawon minti ɗaya, ƙwayoyinsa suna lalacewa. Digiri 10 ne kacal sama da zafin jiki. Shi ya sa ake kwarara ruwan gishiri mai sanyi a kan bakin injin, likita kuma yana shigar da shi yana fitarwa, ba ya dannawa a tafi ɗaya. Bakin da ya dakushe saboda yawan aiki shi ne babban abin tsoro, domin goga yake yi, ba yanka ba. Ƙashin da ya ƙone kan riƙe dashe da kyau a ranar farko, sai bayan makonni ya sake shi.

Wani ɗan'uwa: Ni ba likita ba ne, amma an yi mini dashe biyu a muƙamuƙin ƙasa shekara biyar ke nan, kuma har yau ina cin kilishi da su. Ku kwantar wa Hajiya da hankali.

Likita mai tiyatar baki da muƙamuƙi: Ina da ɗan gyara, kada masu karatu su ɗauka matse rami ko da yaushe alheri ne. A gaban muƙamuƙin ƙasa, inda ƙashi ke da tauri, matsewar da ta wuce kima tana toshe hanyoyin jini, ƙashin da ke wuyan dashen ya zaizaye, kuma a irin wannan ƙashin ne ƙuna ta fi faruwa. A batun Hajiya na fi zargin rashin matsewa ko saurin tauna a kansa. Malam, shin an ɗora mata kan haƙori, wato haƙorin da ake kafawa a saman sukurun, a ranar aikin?

Mai neman shawara: Ranka ya daɗe, an ɗora mata na wucin gadi a ranar, kuma ta ci gaba da tauna ta wannan ɓangaren.

Likita mai tiyatar baki da muƙamuƙi: To, a nan nake ganin matsalar take. Yawancinmu ba ma ɗora kai nan take sai ƙarfin ɗaurin ya kai wajen 35 a ma'aunin injin, kuma samun haka a bayan muƙamuƙin sama yana da wuya. Ku bar wurin ya warke na 'yan watanni, a ɗauki hoton sikan mai nuna kauri da tsayin ƙashin, domin kogon iska na gefen hanci yana daf da wurin. Idan an sake dasawa, ku nemi likitan ya gaya muku adadin da ya samu, a rufe dashen a ƙarƙashin dasashi na wata huɗu zuwa shida, Hajiya kuma ta koma tauna ta ɗaya ɓangaren har lokacin ya cika.