Za a yanka filaye a saman tafkinmu: wanda ya taɓa gani ya ba mu labari

Mai tambaya:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Tudun da ke saman tafkin da muke sha za a yanka shi fuloti-fuloti, har an kira mu taron jin ra'ayi. Ni ba na ƙin gini, ƙannena biyu haya suke yi. Sai dai takardar da aka raba mana ta faɗi yawan gidaje da faɗin titi, amma ba ta ce uffan ba kan inda ruwan wanka da na bayan gida zai nufa. Waɗanda aka yi haka a wurinsu, me ya biyo baya?

Masunci:
Wa alaikumus salam. Da farko ba abin da za ka gani sai ruwa ya yi ja in an yi ruwan sama, lakar filayen da aka share ce ke gangarowa. Muka ce ai zai kwanta. Ya kwanta ɗin, amma a bakin gaɓa, daidai inda kifi ke zuba ƙwai. Da gidaje suka cika, wata bazara ruwan ya yi kore shar kamar an zuba fenti. Na fita da asuba na tarar da kifi sun juya ciki sama. Har yau ina zargin guba wani ya zuba.

Tsohon ma'aikacin ruwa:
Ɗan'uwa, ba wanda ya zuba guba, taki ne. Bayan gida da takin zamanin da ake sa wa fulawa suna ɗauke da sinadaran fosfaras da naitirojin, abincin gansakuka ke nan, ita ce ta mai da ruwan kore. Da rana tana fitar da oksijin, iskar da kifi ke shaƙa, da dare ita ma shaƙa take yi, wadda ta mutu kuma ruɓewarta na cinye saura. Shi ya sa da asuba ka ga kifin sun mutu, iska suka rasa. Mu a wurin tacewa matatunmu toshewa suka riƙa yi, ruwan famfo yana warin ƙasa, mutane suna zaginmu. Wata irin gansakukar ma tana da dafi, kuma tafasawa ba ta kashe shi. A Agustan 2014 an hana mutum kusan 400,000 shan ruwan famfo na kwana uku a birnin Toledo na Amurka saboda haka. Amma tafki na warkewa: a birnin Seattle na Amurka an karkatar da ruwan ƙazanta daga Tafkin Washington tsakanin 1963 da 1968, ruwan ya dawo garau.

Wata uwa:
Baba ya yi maganar tafki, ni ta rijiya zan yi. An ce mana bututun ƙazanta na nan tafe, kowa ya haƙa sokawe kafin nan. Bututun bai zo ba. Ma'aikatan lafiya kan ce a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya, to a ƙaramin fuloti ina za ka samo ta? Ramin maƙwabcina taku kaɗan ne da rijiyata. Damina ɗaya yarana suka yi ta gudawa, na daina ba su ruwan.

Magini:
Hajiya, Allah ya ƙara wa yara lafiya. Ni nake wannan aikin, kuma zan faɗi laifinmu. Rufin da ya kai murabba'in mita 200, in aka yi ruwa milimita 25, lita 5,000 yake zubarwa, duro 25 ke nan daga gida ɗaya. Da can ƙasa ke shanye yawancinsa. Yanzu mai gida sai ya ce a malale tsakar gida da siminti har bakin ƙofa, in ka ce a bar gefe ɗaya ƙasa ya ce ganda kake yi. Na yi aiki a wata unguwa da aka hana taɓa ciyawar bakin ruwa, aka haƙa kududdufin da ruwan kwata ke tsayawa laka ta kwanta kafin ya wuce. Fuloti kaɗan aka rasa. Abin da za ku riƙe a taron: a gama kwata da kwalbati da bututu kafin a ba da izinin aza tubali. Da zarar an sayar da filaye, mai yankan ya tafi.

Ɗan haya:
Ku yi haƙuri, amma ku da kuke can tun da, ina naku ruwan ke zuwa? Tsofaffin ramukanku ne suka fi kusa da gaɓa. Duk taron da na je, maganar tafki ba ta tashi sai mu marasa gida za mu samu wuri.

Mai tambaya:
Ka taɓa ni, ɗan'uwa, namu ramin ma rabon da a kwashe shi na manta. Zan nemi bututun ya haɗa da tsofaffin gidaje. Baba, in za mu gwada ruwan kafin a fara share fili, don mu sami abin kwatantawa nan gaba, a wane wata ya kamata a ɗiba, kuma daga gaɓa ko daga tsakiya?