Mi za mu kira "RTOS" ɗin jirgin sama da Hausa?

Jama'a salamu alaikum, masana harshe da 'yan kwamfuta na Sakkwato ku taho kusa. Jiya munka raka kawunmu filin jirgin Sultan Abubakar III, muna tsaye bakin mota ƙanena ya jefo man tambaya wai Yaya kwamfutar da direban jirgi ke aiki da ita Windows ce ko Android? Na buɗe baki in yi mai bayani da Hausa sai na ga ashe kalmar ma ban da ita. Abin da Turawa ke kira ofaretin sistem, wasu na rubuta "tsarin aiki", ni kam wagga fassara ba ta shige ni ba, don ko ofishin ƙaramar hukuma shina da tsarin aiki.

Na fi son "uwar manhaja". Ita ka raba ma sauran manhajoji wuri da lokaci, ita ka shiga tsakaninsu da ƙarfen na'ura, in ta kwanta kowa ya kwanta. Wani malaminmu na jami'ar Danfodiyo ya ce "babbar manhaja" ta riga ta bi bakin mutane, gaskiya ne Malam Allah shi ƙara ilimi, amma girma daban riƙon gida daban. Wani kuma ya kawo "madugu", ta burge ni ƙwarai sai dai madugu gaba yake shiga, ita ko wagga ƙarƙashin kowa take.

To duk wannan mai sauƙi ne, inda gizo ke saƙa shi ne "riyal taim". Uwar manhajar jirgi ba irin ta wayarka ba ce. Akwai VxWorks 653 ta kamfanin Wind River da ke cikin Boeing 787, akwai INTEGRITY-178 ta Green Hills, akwai PikeOS da Deos, duk RTOS ake ce musu, wato "riyal taim ofaretin sistem" a taƙaice. Da na nemi fassarar "riyal taim", mutum huɗu sunka turo man "ta nan take". A'a don Allah. Nan take sauri ne, kuma ba sauri ake nema ba, wayar da ke aljihunka ma tana iya fin kwamfutar jirgi gudu. Abin da ake so shi ne in anka ce aikin ga zai ƙare cikin milisakan kaza (wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan) to ya ƙare, yau da gobe da jibi, ko da ayyuka sun yi cunkoso. Amsar da ta zo a makare daidai take da amsar kuskure, ko da lissafinta bai da aibi.

Ku dubi yadda ƙa'idar manhajojin jirgi da ake ce ma ARINC 653 ta tsara abin, wallahi kamar gidan mai mata huɗu: kowace manhaja da ɗakinta cikin ma'adanar kwamfuta wata ba ta leƙa mata, kowace kuma da kwananta, in lokacinki ya ƙare ko girki bai nuna ba sai ki sauke a ba 'yar'uwarki murhu. Shi ya sa in guda ta rikice ba ta ja sauran. Don haka rabon ga ni "rabon ɗaki da kwana" zan riƙa ce mai, wanda bai yarda ba ya kawo nashi.

Sai na ce to mu ce "uwar manhaja mai wa'adi". Nan wata 'yar'uwa ta ce kai Malam mai wa'adi ai kamar maganin da ka lalacewa ne. Na gyara na ce "mai cika wa'adi", aka fashe da dariya, wai wa zai hau jirgin da anka ce mai abin da ke cikinshi ya kusa cika wa'adi. Na karɓi kayena.

Abin mamaki ma an taɓa samun mai wa'adin na gaske. A 2015 hukumar FAA mai kula da jiragen sama ta Amurka ta fitar da umurni kan 787, don an gano in na'urorin kula da janaretocinshi sunka kwana 248 a kunne ba a kashe ba, wani maƙirgi da ke cikin manhajarsu na cika ya tumbatsa, su duka su tsaya lokaci guda wuta ta ɗauke. Maganin wucin gadi a lokacin shi ne a kashe a kunna kafin ranar, irin na mai gyaran waya a tsohuwar kasuwa. Airbus A350 ma a 2017 hukumar kula da jiragen sama ta Turai ta ce a riƙa kashe ma wasunsu wuta kafin awa 149. Kuma wanga duk da ƙa'idar DO-178, wadda ta kasa manhajojin jirgi mataki A zuwa E gwargwadon haɗarin da kuskurensu zai jawo, A ce mafi tsanani.

Inda munka tsaya dai: ofaretin sistem uwar manhaja, RTOS kuma "uwar manhaja mai kiyaye wa'adi". Ta yi tsawo na sani, a baki za mu taƙaita mu ce "mai kiyaye wa'adi". Malam har yanzu bai sauka daga kan babbar manhaja ba, ya ce sai mun haɗu bayan la'asar.