Me ya sa ake cewa Sheshak ita ce Babila?

Ɗalibar_Ibrananci: Malamai, barkanku da war haka. A littafin Irmiya na Littafi Mai Tsarki, 25:26, an ambaci sarkin Sheshak, masu sharhi kuma suna cewa Babila ake nufi. Ta yaya aka fitar da wannan?

Baba_Mai_Nahawu: 'Yata, sunan dabarar atbash. Ki jera baƙaƙen Ibrananci 22, ki haɗa na farko da na ƙarshe: alef da taw, bet da shin, har ki kai tsakiya inda kaf (na 11) ke haɗuwa da lamed (na 12). Lambar kowane baƙi da ta abokinsa dole su tashi 23. Babel ana rubuta shi bet, bet, lamed. Da an musanya sai ya koma shin, shin, kaf, wato Sheshak. Inda ake tuntuɓe uku ne: saka wasula a lissafi, ƙirga shin da sin a matsayin baƙi biyu, ko ƙara siffofin ƙarshen kalma guda 5, jerin ya zama 27, komai ya goce.

Mai_Hisabi: Ƙari kan bayanin Baba: jerin abajada na baƙaƙen Larabci na Gabas, daga rukunin abjad zuwa na ƙarashat, ya yi daidai da na Ibrananci. Na Magrib da malamanmu suka saba da shi ya saɓa tun daga baƙi na 15, kada a gwada da shi.

Malama_Rifkatu: Ni ban yarda ɓoye suna ake yi ba, domin a Irmiya 51:41 Sheshak da Babila suna cikin aya guda. Gwanintar harshe ce. Dubi 51:1, inda Kasdim (Kaldiyawa) ya koma Leb Kamai, lamed, bet, kof, mem, yod. Bayan musanyar kuma kalmar ta ba da ma'ana: zuciyar masu tayar mini. Wannan ya fi Sheshak armashi nesa ba kusa ba.

Sannan a bambanta atbash da juya kalma baya. A Farawa 6:8 Nuhu (nun, het) ya sami tagomashi, hen (het, nun). A 38:7 Er (ayin, resh) mugu ne, ra (resh, ayin). Fassara ba ta iya ɗauko wannan, sai an duba baƙaƙen asali. Tsohuwar fassarar Helenanci ma ba ta da Sheshak a Irmiya 25:26 da 51:41.